Filin Lafiyarku: Jirin da ke Tasowa daga Can Cikin Kunne

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata kusan duk a kan jiri ne, don haka muka miƙa su ga likitocin fisiyo, waɗanda aka fi sani da likitocin gashi, suka amsa. Muna da roƙo ɗaya ga masu rubuto mana. Kalmar jiri jakar magori ce. Wani in ya ce jiri, yana nufin ɗaki na juya masa kamar yaron da ya gama wasan hajijiya. Wani duhu ne ke rufe masa ido in ya miƙe. Wani kuwa tangaɗi yake yi in yana tafiya. Duk mai tambaya ya daure ya faɗa mana abu uku: tsawon lokacin da jirin ke ɗauka, abin da ke tayar da shi, da abin da ke zuwa tare da shi. Rabin gano ciwon na cikin waɗannan.

Assalamu alaikum likita. Shekarata 54. Yau wata biyu ke nan, da zarar na juya dama a kan gado, ko na sunkuya ruku'u, ko na ɗaga kai zan ɗauko abu a kan kanta, sai ɗaki ya kama juyawa da ni. Ba ya kai minti ɗaya sai ya lafa. An yi mini maganin taifod da na maleriya, an ƙara mini ruwa leda biyu, an auna jinina an ce lafiya lau. Har na koma salla a zaune. Mene ne wannan? Daga wata uwa a Gwammaja, Kano.

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Yadda kika zayyana shi, ya yi kama ƙwarai da jirin tsakuwar kunne, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da BPPV. Shi ne ya fi kowane jirin kunne yawa, ya fi kama mata, ya fi zuwa bayan shekara 50, kuma yana cikin masu saurin jin magani in an dace da wanda ya san shi.

Bayan dodon kunne, can cikin ƙashin kai, akwai wani ɗan gida da bai fi kan yatsa girma ba. Ɓangare guda mai kama da katantanwa shi ke ji. Ɗaya ɓangaren aikinsa sanar da ƙwaƙwalwa inda kai yake da inda ya nufa. A nan akwai bututu uku masu lanƙwasa kamar warwaro, cike da ruwa, kowanne na lura da juyawar kai ta fuska ɗaya. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna biyu da ke ɗauke da tsakuwoyi ƙanana ainun, ido ba ya ganinsu, na irin sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai. Muddin suna manne a jakarsu, aiki suke yi. In wasu suka ɓalle, saboda shekaru, ko bugu a ka, ko doguwar kwanciyar jinya, ko ma ba wani dalili, sai su gangara cikin ɗaya daga bututun, galibi na baya domin shi ya fi yin ƙasa.

Ki ɗauki ruwan rijiya da aka bari a bokiti har laka ta kwanta. In kin karkata bokitin, lakar za ta taso ta gangara, can kuma ta sake kwanciya. Haka tsakuwar ke yi in kin juya kan gado: tana gangarawa tana jan ruwan bututun, kunne ya aika saƙon ƙarya cewa kina juyawa da gudu, ido kuma ya ce ƙarya ne. Da ta kwanta sai jirin ya tsaya. Shi ya sa ba ya wuce minti ɗaya, shi ya sa kuma ƙarin ruwa da maganin taifod ba su taɓa shi ba.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura ko ɗibar jini. Wasu likitoci biyu a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana shi a 1952, kuma har yau da sunansu ake kiransa. Za a zaunar da ke a gadon gwaji, a juya kanki rabin hanya tsakanin kallon gaba da kallon kafaɗa, wato digiri 45, sannan a kwantar da ke rigingine da ɗan hanzari, kai ya ɗan rataya baya. In tsakuwar na wannan kunnen, bayan sakan kaɗan jirin zai taso, ƙwayar idonki ta riƙa fizga sama tana murɗawa wajen kunnen da ke ƙasa. Ki daure kada ki rufe ido, domin wannan fizgar likita ke karantawa ya san kunne da bututun da abin ya shafa. Da an tabbatar, a kan gadon nan za a yi miki jujjuyawar da ke mayar da tsakuwar gidanta. Ba ta cin minti goma, kuma kusan mutum takwas cikin goma na samun sauƙi daga zama ɗaya ko biyu.

Sauƙin da addini ya yi wa maras lafiya a salla fannin malamai ne. Ta fuskar jiki kuwa, in an yi jujjuyawar aka sake gwaji ba a ga komai ba, babu abin da zai hana ki komawa ruku'u da sujada. Kina iya jin kai ya yi miki sakayau ko ƙafa ba ta kama ƙasa sosai na 'yan kwanaki, wani har mako biyu. Wannan kan wuce da zirga-zirgar yau da kullum. Ki kuma sani yakan dawo: kusan rabin masu shi na sake ganinsa cikin shekara biyar. In yana yawan dawowa, a auna miki bitamin D, domin wani bincike da aka yi a Koriya ta Kudu aka buga a 2020 ya nuna cike giɓinsa tare da kalsiyam na rage dawowar ciwon ga masu ƙarancinsa.

Likita barka da aiki. Asibiti sun ce tsakuwar kunne ce ke damuna, na dama. Na ga bidiyon yadda ake jujjuya kai a waya, na yi sau uku, ban ga canji ba, ranar ƙarshe ma sai da na yi amai. Ko akwai inda nake kuskure? Daga wani magidanci a Gusau.

Barka kadai Malam. Abin da ka gani jujjuyawar Epley ce, sunan wani likitan kunne na garin Portland a Amurka da ya wallafa ta a 1992. Tana aiki, amma kuskure kaɗan ke ɓata ta. Ga yadda ake yin ta kunnen dama. Na hagu sai a juya komai.

Ka zauna tsakiyar gado ka miƙe ƙafafu, ka ajiye matashi a bayanka daidai inda kafaɗunka za su sauka, ba inda kai zai sauka ba. Juya kai digiri 45 zuwa dama. Kwanta baya da hanzari, kafaɗu a kan matashi, ƙeya ta taɓa katifa, kai yana nan a juye. Jirin zai zo. Jira ya wuce, ka ƙara sakan 30. Daga nan mirgina kai zuwa hagu, ƙeya na gogar katifa, har ya kai digiri 45 a hagu. Sakan 30 kuma, ko har jiri ya lafa. Sai ka mirgina jikinka duka ka kwanta kan kafaɗar hagu, kai na tafiya tare da jiki, har hancinka ya kalli ƙasa a karkace. Sakan 30. A ƙarshe sauko da ƙafafu ka tashi zaune ta gefen hagu, haɓa a ɗan sunkuye, ka zauna minti ɗaya ko biyu kana riƙe da gado. A samu wani kusa da kai, domin a wannan tashin ne wasu ke jin kamar an fizgo su ƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaga kai daga katifa lokacin juyawa daga dama zuwa hagu. Da kai ya ɗagu, tsakuwar ta koma inda ta fito, aikin ya zama na baban giwa. Na biyu, sa matashi a ƙarƙashin kai, sai kai ya kasa ratayawa baya, tsakuwar ba ta kai lanƙwasar bututun ba. Na uku gaggawa: mutum ya ji jiri ya tsorata ya zabura zaune. Akwai kuma masu yin ta a kunnen da ba shi ba ne.

Aman da ka yi ya sa muna zargin wani abu dabam. Wani lokaci tsakuwar na fitowa daga bututun baya ta faɗa bututun kwance. Jirinsa ya fi tsanani, yana tasowa in ka juya dama da kuma in ka juya hagu kana kwance, ido na fizga gefe da gefe. Epley ba ta fitar da tsakuwa daga nan. Yana da tasa jujjuyawar, wadda ake mirgina mutum zagaye guda cikakke, mataki-mataki, ko wadda ake kira Gufoni. Tun asali ma mutum ɗaya cikin goma ko makamancin haka a wannan bututun tasa take. Ka dakata da yi a gida, ka koma a sake dubawa.

Mai ciwon wuya mai tsanani, ko wanda ya taɓa karaya ko tiyata a wuya ko gadon baya, ko mai toshewar jijiyar jini ta wuya, ko wanda aka yi wa aikin ido kwanan nan, kada ya gwada wannan shi kaɗai. Irinsu akan gwada su a kwance ta gefe, ko a yi musu hanyar Semont, wani likitan fisiyo Bafaranshe, in ta fi dacewa. Da can akan ce bayan jujjuyawa mutum ya kwana biyu yana barci a zaune da takunkumin wuya. Bincike ya nuna ba ya ƙara komai, an daina umartar haka.

Salam. Ni malamar makaranta ce, shekarata 37. Wata biyu da suka wuce, bayan mura, jiri ya kwantar da ni kwana uku ina amai, ko ido ba na iya buɗewa. Likita ya ce jijiyar kunnen hagu ce ta kumbura. Tun lokacin nake shan Stugeron safe da dare, ina kaffa-kaffa da kaina, ba na juya wuya sai da jiki duka. Amma har yanzu in na waiga daga allo zuwa ɗalibai sai komai ya yi dishi-dishi. Yaushe zan warke? Daga Tudun Wada, Zariya.

Wa alaikis salam Malama. Abubuwa biyun da kike yi don kare kanki, ƙwayar da kaffa-kaffar, su ne ke riƙe da ke.

Kunnuwa biyu na aika saƙo ga ƙwaƙwalwa ba dare ba rana, ko da mutum na zaune shiru. In na hagu ya raunana, saƙon ya zama kamar jaki da mangala ɓari ɗaya, ƙwaƙwalwa ta ɗauka juyawa ake. Wannan ne kwana ukun da kika sha. Jijiyar na iya farfaɗowa, tana iya ƙi, amma ko ba ta farfaɗo ba ƙwaƙwalwa na iya koyon aiki da abin da ya rage. Sai dai ba ta koyo sai ta ga kuskure ta gyara, kuma kuskuren ba ya bayyana sai kai ya motsa. Stugeron da Stemetil da danginsu aikinsu kwantar da wannan sashe na ƙwaƙwalwa. Suna da rana a kwana biyu ko ukun farko da ake amai. Bayan nan jinkirta warkewa suke, ga sa barci, kuma in an daɗe ana sha suna iya kawo rawar hannu da sandarewar jiki, musamman ga tsofaffi. Ki koma ga likitan da ya rubuta miki ku tsara dainawa.

Wannan fahimta ta daɗe. A shekarun 1940 wasu likitoci biyu a Landan, Terence Cawthorne da Frank Cooksey, sun lura cewa cikin sojojin da suka ji rauni a ka a Yaƙin Duniya na Biyu, masu motsawa sun fi masu kwanciya saurin miƙewa. Daga nan wannan fanni na fisiyo ya samo tushe.

Dishi-dishin da kike gani yana da dalili. Riƙe mujallar nan a gabanki, ki girgiza ta dama da hagu da sauri kanki na tsaye: rubutun zai cakuɗe, ko ga mai lafiya. Yanzu mai lafiya ya tsayar da mujallar ya girgiza kai da irin wannan saurin: zai karanta sarai. Kunne ne ke umartar ido ya koma hagu daidai gwargwadon yadda kai ya tafi dama, cikin ƙiftawa. Naki umarnin ya yi rauni, kuma shi za mu horar.

Rubuta harafi ɗaya, girman farcen babban yatsa, a farar takarda. Manna ta a bango maras ado daidai tsayin ido, ki zauna nesa da ita kamar kamu biyu, wato mita ɗaya. Kafa ido a kan harafin, ki riƙa juya kai dama da hagu kamar mai cewa a'a, kaɗan-kaɗan, kada ya wuce digiri 20 zuwa 30 kowane gefe. Dokar ɗaya ce: harafin ya tsaya cak, a fili. In ya fara rawa ko ya zama biyu, kin wuce saurinki, ki rage. In kuwa ba kya jin komai, kin yi sanyi da yawa, ki ƙara. Fara da sakan 30, ki huta, ki yi na sama da ƙasa kamar mai gyaɗa kai. A hankali ki kai minti ɗaya, sannan biyu.

Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin fisiyo ta Amurka ta fitar a 2016, ta sabunta a 2022, ta ce a sabon ciwo a yi aƙalla sau uku a yini, jimilla minti 12. In ya tsufa, sau uku zuwa biyar, jimilla minti 20, na mako huɗu zuwa shida. Hanyar da ba a mantawa ita ce minti huɗu bayan kowace salla, ya zama 20 cif. In ya yi sauƙi a zaune sai a tsaye, sai ƙafafu a haɗe, sai a kan katifar soso, sai ki manna harafin a jikin atamfa mai yawan zane. Juya ido kaɗai ba tare da kai ba, wanda wasu ke koyarwa, ba ya gyara wannan matsala.

Atisayen zai tayar miki da jiri, kuma haka ake so. Ma'aunin shi ne kada ya wuce tsaka-tsaki, kuma ya lafa cikin minti 15 zuwa 20 bayan kin gama. In ya wuni da ke, gobe ki rage tsawo ko sauri, kada ki daina. Ki haɗa da tafiyar minti 20 kullum, da tafiya a tsakar gida kina waiga dama da hagu duk bayan taku uku. Yawanci ana fara ganin bambanci a aji cikin mako biyu zuwa uku.

Likita, ni in na tashi daga zaune ko daga barci sai idona ya yi duhu, sai na dafa bango. Ya fi yawa lokacin zafi da azumi. Ina shan maganin hawan jini. In yi atisayen kunne? Daga wani dattijo a Maraɗi.

A'a Baba, wannan bai yi kama da na kunne ba. Jini ne ke jinkirin hawa kai in ka miƙe. A auna maka hawan jini kana kwance bayan hutun minti biyar, a sake bayan ka tsaya minti ɗaya da minti uku. In lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, an gano shi. Ka kai wa likitanka magungunan duka ya duba, a kuma auna yawan jini da suga. Kada ka daina maganin da kanka. Kafin nan, in za ka tashi ka zauna bakin gado minti ɗaya kana motsa sawu, ka kuma sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur.

Assalamu alaikum. Mahaifinmu na da hawan jini da ciwon suga. Mun ji an ce jiri kan zama alamar shanyewar ɓarin jiki. Ta yaya za mu bambanta da na kunne? Daga wani ɗalibi a Damaturu.

Wa alaikumus salam. Gaskiya ne. Toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwar ƙeya na iya zuwa da jiri da amai kawai, kamar kumburin jijiyar kunne. In jiri ya zo farat ɗaya ya ƙi tsayawa, kuma akwai ɗaya daga waɗannan, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne: ganin abu biyu-biyu, harshe ya yi nauyi, baki ya karkace, ƙwarewa wajen haɗiya, hannu ko ƙafa ta mutu ko ta yi sanyi, sabon ciwon kai ko na wuya mai tsanani, kunne ɗaya ya toshe ɗif nan take. Alamar da aka fi rainawa ita ce kasa zama ko tsayuwa ba tare da an riƙe mutum ba. Mai ciwon kunne, duk wuya, yakan iya takawa yana layi. Ga mai shekaru da ciwo irin na Baba, ko babu waɗannan alamu, sabon jiri da ya wuce awa ɗaya bai tsaya ba na asibiti ne. Ku sani kuma hoton ƙwaƙwalwa na CT na iya fitowa lafiya lau a ranar farko alhali ciwon na nan, don haka gwajin ido da likita zai yi a bakin gado na da muhimmanci. Ba a fara atisaye, ba a kiran wanzami, sai an kawar da wannan zargi.

Salam likita. Jirina kan zo sau biyu ko uku a wata, ya yi awa uku zuwa huɗu. Kafin ya zo kunnen hagu kan cika kamar ruwa ya shiga, yana ƙugi, kuma jina na raguwa. Fisiyo zai warkar da ni? Daga wata 'yar kasuwa a Sakkwato.

Wa alaikis salam Hajiya. Wannan siffar ciwon Meniere ce, sunan likitan birnin Faris da ya bayyana shi a 1861. Ana danganta shi da taruwar ruwa fiye da kima a cikin kunnen ciki, kuma farmakinsa kan ɗauki minti 20 zuwa awa 12. Ciwon ɓarin kai ma kan zo da jiri mai kama da wannan, don haka sai an yi gwajin ji kafin a yanke. Sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo na kusa da ke, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Fisiyo ba ya hana farmakin zuwa, kuma ba a atisaye ana cikinsa. A kwanta a kafa ido a abu ɗaya har ya wuce. Amfaninmu na zuwa ne in tangaɗi ya zauna miki tsakanin farmaki da farmaki. Likitocin kunne kan fara da rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a yini, kwatankwacin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk abinci a haɗe. Ki lissafa da dunƙulen miya, da kanwa, da yajin tsire, da kilishi, da garin ɗanɗanon taliyar leda, don su ma suna ɗauke da gishiri. Wasu na ganin sauƙi in sun rage goro da shayi mai kauri. Ki riƙa rubuta ranar kowane farmaki da tsawonsa, ki tafi da takardar.

Likita, an yi wa yayana allurar Genta kusan mako uku saboda ciwon ƙafa. Ƙafar ta warke, amma yanzu in yana tafiya sai ya ce duniya na tsalle, ba ya gane fuskar mutum sai ya tsaya, da dare kuwa sai an riƙe shi. Jinsa ƙalau. Daga wata ƙanwa a Bauci.

Allah ya ba shi lafiya. Jentamaisin, wato Genta, da sitireftomaisin magunguna ne masu ceton rai, amma suna iya kashe ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi na sashen da ke daidaita tsayuwa a kunnuwa biyu lokaci ɗaya, su bar ji bai taɓu ba. Haɗarin na ƙaruwa in an daɗe ana yi, ko ƙoda na da rauni, ko an haɗa da maganin fitsari irin Lasix. Shi ya sa bai kamata a riƙa karɓar wannan allura a kemis ba tare da likita na bibiya ba. Da yake kunnuwan biyu sun raunana tare, ɗaki ba ya juya masa, sai tsallen gani da layi.

Ƙwayoyin da suka mutu ba sa tsirowa, amma ana samun ci gaba na gaske. Mutum na tsayuwa da abu uku: kunne, ido, da jin ƙasa a tafin ƙafa. Yayanki zai koyi dogara da biyun da suka rage. Zai yi atisayen harafin da muka bayyana wa malamar Zariya, minti 20 zuwa 40 a yini, na mako biyar zuwa bakwai aƙalla. Na tsayuwa kuma a kusurwar ɗaki ake yi, bango biyu a baya, kujera mai nauyi a gaba: ƙafafu a haɗe sakan 30, sannan ƙafa ɗaya rabi gaban ɗaya, sannan dunduniya a bakin yatsu. In ya ƙware da ido buɗe sai ya gwada a rufe, wani na tsaye kusa. A duba masa ido ko akwai yana, a duba tafin ƙafa in yana da suga. A bar fitila a hanyar bayi, a kwashe tabarmi masu naɗewa, ya riƙe sanda a rairayi da kan kunya a gona. Ya bar babur da hawa tsani tukuna. Kada ya shiga kogi ko kududdufi, domin a cikin ruwa ba zai san sama da ƙasa ba. Ku kuma gaya wa duk likitan da zai duba shi nan gaba abin da allurar ta yi masa.

Barka likita. Wata takwas da suka wuce na yi jirin kunne, an ce na warke, duk gwaji lafiya. Amma kullum kaina kamar ina cikin kwalekwale. In na shiga layin atamfa a Kantin Kwari, ko ina latsa waya, sai abin ya tashi. A kwance ba na jin komai. Har an fara cewa iska ce ko raki. Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Barka dai Alhaji. Ciwo ne sananne, masana sun fitar da ma'aunin gane shi a 2017, suna kiransa PPPD: jiri ko layi kusan kullum na wata uku ko fiye, mai ƙaruwa da tsayuwa, da motsi, da wurin da ido ke ganin abubuwa barkatai. Lokacin da kunnenka ke ciwo, ƙwaƙwalwa ta koma dogara da ido, jiki ya ɗaure don gudun faɗuwa. Kunnen ya warke, ita ba ta saki ba. Layin atamfa, ga zane iri-iri daga ƙasa har rufi, ga 'yan dako na giftawa, ya fi ƙarfin idon da aka ɗora wa aikin kunne.

Gujewa kasuwa na ƙara shi, kutsawa wuni guda ma haka. Ka fara da minti biyar da sassafe kafin a cika, ka tsaya bakin layi ka kafa ido a abu ɗaya da ba ya motsi, ka saki kafaɗu, numfashi a hankali, ka fita kafin jirin ya wuce tsaka-tsaki. Duk kwana uku ko huɗu ka ƙara minti biyu zuwa uku, sannan ka fara takawa ciki kana waige. A gida ka yi atisayen harafi a jikin atamfa, ka rage hasken waya da saurin latsawa. Wannan kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani fiye. Fargaba da rashin barci na hura shi, shi ya sa likita kan haɗa da zaman shawara ko ƙaramin maganin damuwa, kuma hakan ba ya nufin an ɗauke ka mai taɓin hankali. A Kano akwai sashen fisiyo a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In ka je ka ce kana neman wanda ke duba masu jiri, ka tafi da sakamakon gwaje-gwajenka da kwalayen duk magungunan da ka sha a wata takwas ɗin nan.